Steelheart: rashin iya rubutu ne, ko da gangan aka yi?

Tambaya: Ni malamar Turanci ce a makarantar sakandare, kuma ina ɗan taɓa rubutu. Wani ɗalibina ya ara mini littafin Steelheart na Brandon Sanderson. Cikin dare biyu na cinye shi, amma da na ajiye sai na rasa gane abin da ya riƙe ni. Turancin ba shi da ado, kamancen da ke ciki kuwa wasu har kunya suke ba ni. Shin wannan rubutu ne mai kyau? Ya dace in sa shi cikin littattafan da nake ba yara? Me kuma mai son rubuta wa matasa zai koya a ciki?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Littafin da ya hana malamar makaranta barci dare biyu, alhali aji na jiran ta da safe, ya riga ya ci rabin jarrabawa. Abin da ya rage shi ne mu gano da me ya ci, tunda ke da kanki kin ce ba da zaƙin harshe ba ne. Kin kai ƙarshensa, don haka zan yi magana a buɗe har da yadda labarin ya ƙare. Wanda bai karanta ba, kuma ba ya son a ɓata masa, ya dakata a nan ya dawo daga baya.

Littafin ya fito a 2013, shi ne na farko cikin uku. Firefight ya biyo baya a 2015, Calamity ya rufe a 2016. Marubucin Ba'amurke ne, an haife shi a jihar Nebraska a 1975, ya riga ya yi suna da manyan littattafan almara na manya kafin ya waiwayo kan matasa, kuma yana koyar da ƙagaggen rubutu a jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah. Na kawo wannan ne don ki san ba ɗan koyo muke dubawa ba. Abin da kika gani a shafi, mai kyau da mara kyau, yawancinsa yana sane ya ajiye shi. Shi da kansa ya sha faɗin inda tunanin labarin ya samo asali: yana tuƙi wani direba ya sha gabansa, ransa ya ɓaci, ya ji a zuciyarsa da yana da iko da ya tarwatsa motar nan. Sai abin ya ba shi tsoro. Ashe da shi aka ba irin ƙarfin jaruman nan, ba lallai ya zama mai ceton mutane ba.

Ga wanda bai san labarin ba, a taƙaice haka yake. Wani jan tauraro ya bayyana a sama, mutane suka sa masa suna Calamity, wato Bala'i. Ba a jima ba wasu tsiraru suka fara samun baiwar da ta fi ƙarfin ɗan'adam: wannan harsashi ba ya huda shi, wancan in ya nuna ka da yatsa ka zama toka. Littafin yana kiran su Epics, ni kuwa zan kira su gagararru, don abin da suka zama ke nan. Mutane suka zuba ido ko za a samu na kirki a cikinsu, shiru. Gwamnatin Amurka ta gwada ƙarfinta ta kasa, har ta yi doka cewa gagararre ba ya laifi, a ɗauke shi kamar guguwa ko girgizar ƙasa, waɗanda ba a kai su kotu. Babba a cikinsu, Steelheart, mai zuciyar ƙarfe ke nan, ya kame birnin Shikago, ya mayar da gine-ginensa da ƙasarsa da wani yanki na tafkin Mishigan ƙarfe zalla. Wani yaronsa mai suna Nightwielder ya lulluɓe garin da duhu, ba a ƙara ganin rana ba, sunan garin ma ya koma Newcago. Mai ba mu labarin, David Charleston, yana ɗan shekara 8 ya ga Steelheart ya kashe mahaifinsa a cikin wani banki. Amma kafin haka ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani ya rayu: harsashin bindigar mahaifin ya goge kuncin Steelheart, jini ya fito. Bayan shekara 10 David ya nemi shiga wata 'yar ƙungiyar mutane gama-gari, Reckoners, masu farautar gagararru suna yi musu hisabi.

To, abin da ya riƙe ki yana cikin jimlar farko ta littafin, inda David ya ce ya taɓa ganin jinin Steelheart. Daga nan an ƙulla miki kacici-kacici, kuma duk sauran shafukan neman amsarsa ake yi. Rigar littafin ta jarumai masu tashi sama ce, amma ƙashin bayansa labarin bincike ne, irin na ɗan sandan ciki. Bambancin kawai, a can ana tambayar wa ya yi kisa, a nan ana tambayar me ya sa jini ya fito ran nan.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tunani. Mun taso muna ganin 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki ba ta kama su, muna kuma jin manya na cewa kowane asiri da makarinsa, kowane gagara-badau da lagonsa. Dokar duniyar littafin ke nan: kowane gagararre yana da abu guda da ke karya baiwarsa, yana kuma ɓoye shi fiye da yadda yake ɓoye dukiyarsa. Steelheart kansa, da alkyabbarsa da tashinsa sama da jikin da harsashi ba ya ci, Superman ne aka juya bai, jarumin nan da Amurkawa suka sani tun 1938. Shi wancan kowane yaro ya san koren dutsen da ke kashe masa jiki. Na Steelheart ba wanda ya sani, kuma ya kashe duk wanda ke cikin bankin, ya sa aka nutsar da ginin cikin ƙasa, don kada a sani.

Dubi yadda Sanderson ya koya miki wasan kafin ya ba ki babbar tambaya ki warware. Gagararren farko da aka farauta, Fortuity, yana hango haɗari kafin ya same shi, don haka ba a iya harbinsa. Sai aka nuna miki an ci shi ta hanyar toshe masa duk mafita lokaci guda, in ya kauce wa wannan harsashi ya faɗa wa wancan. Daga baya, a shagon wani dillalin makamai, David ya lura da cewa wani nau'in haske yana mayar da jikin Nightwielder, wanda kamar hayaƙi yake, ya zama nama da harsashi zai iya ci. Kafin ki kai tsakiyar littafin kin riga kin zama 'yar ƙungiya, kina lissafi tare da su. Ko wani abu ne a cikin taskar bankin? Ko bindigar ce ta musamman? Ko sai harbin kuskure ke kama shi, tunda mahaifin David wani gagararren ya nufa? Ko sai mai imani da cewa jarumai na gari za su zo? Kowace amsa tana da hujja, kuma a faɗan ƙarshe, a filin wasa na Soldier Field, an gwada su ɗaya bayan ɗaya duk suka faɗi.

Amsar gaskiya kuwa tun gabatarwa aka ajiye ta a gabanki. Mahaifin David bai ji tsoron Steelheart ba. Shi a ganinsa jarumin da ake jira ne ya iso. Wanda ba ya tsoronsa ne kaɗai zai iya yi masa rauni. Da kin gane haka sai abubuwan da kika wuce ba ki kula ba su dawo miki. Ofishin nan da David ya gano a tashar wutar lantarki, inda ma'aikata ke zaune suna ƙirƙiro labaran ta'asar da Steelheart bai ma aikata ba suna yaɗawa, kin ɗauka ƙawata mugunta ce kawai, ashe sulkensa ake saƙawa. Mutumin nan tsoron da ake yi masa shi ne rayuwarsa. Haka ɗabi'arsa ta kashe wanda ya ƙalubalance shi da makamin mutumin, wadda muka gani ranar bankin, ita David ya yi amfani da ita. Ya haɗa abin tayar da nakiya da bindigar mahaifinsa, Steelheart ya karɓe ta ya ja kunama da hannunsa, kuma a duk faɗin garin mutum ɗaya ne ba ya tsoron Steelheart, shi ne Steelheart. Wannan gini ne na gwani. Ba a yaudare ki ba, ba a kuma jawo wata sabuwar doka daga aljihu a shafin ƙarshe ba. Jigo da zubi sun haɗu a wuri guda: azzalumi da tsoron talakawa yake rayuwa, kuma a wannan littafin maganar ta tashi daga wa'azi ta zama ainihin mabuɗin labarin.

Haka ya yi da sauran sirrika biyun. Shugaban ƙungiyar, Prof, yana ba yaransa wasu safar hannu da ke mayar da ƙarfe gari, yana cewa fasaha ce, amma shi ba ya son sa su, in kuma ya yi aiki da su sai ya koma mai zafin rai. Megan, wata budurwa 'yar ƙungiyar, ta kasa aiki da su sam. Can gaba Conflux, wani gagararre cikin yaran Steelheart, wanda aka kamo ana zaton dodo ne sai aka tarar da bawan Allah mai sanyin hali da ake tatsar wutar lantarki daga jikinsa, ya faɗi a cikin hira cewa mai raba baiwarsa ba ya iya ba ɗan'uwansa gagararre. An ba ki duwatsun murhu uku ke nan, saura ki ɗora tukunya: Prof gagararre ne mai raba baiwa, Megan ma gagararriya ce. Mai karatu mai kaifin ido zai gano ɗaya kafin a faɗa. Wannan ba aibi ba ne a littafin matasa. Yaro ɗan shekara 14 da ya riga marubuci gano sirri, ranar ji yake ba wanda ya kai shi.

Yanzu ga batun harshe, inda kika fi damuwa. Sanderson ya sha cewa burinsa rubutunsa ya zama kamar gilashin taga, a ga abin da ke waje ba tare da an lura da gilashin ba, kwatancen da ya aro daga marubucin Ingila George Orwell. Akwai marubutan da jimlarsu kamar ƙofar da aka yi wa zane take, sai ka tsaya kallon ta kafin ka shiga. Shi ba ya cikinsu, kuma bai taɓa da'awar yana ciki ba. Jimlolinsa gajeru ne, kalmominsa na yau da kullum, babi-babinsa ba tsawo, kusan kowanne kuma yana ƙarewa a daidai inda ba za ki iya rufe littafin ba: an buɗe ƙofa, an ji takun sawu, wani ya faɗi abin da ba a zata ba. Dabara ce tsohuwa, duk mai rubuta labari kashi-kashi ya san ta, amma tana aiki. Abin da ba a cika yaba masa ba shi ne tsabtar fagen faɗa. A rubuce-rubucen da ke zuwa hannuna don gyara, da zarar an fara gudu da harbi sai in rasa wa ke ina, wa ke riƙe da me. A nan ko a tseren babura cikin ramukan ƙarƙashin gari kin san inda kowa yake, kin san harsashi nawa ya rage. Rubuta wannan ya fi rubuta jimla mai ƙawa wahala, in kin gwada za ki gani.

Sai kamancen. David ya shiga shagon makamai ya ga bindigogi rataye a bango, ya ce wurin kamar gonar ayaba yake, amma ta bindigogi. Wani wurin ya kwatanta kansa da tubalin da aka yi da kunu. Kin yi daidai da kika ji kunya, sai dai kunyar ta David ce, marubucin kuwa dariya yake a bayan labule. Shaidar ita ce mutanen cikin labarin suna jin munin abin kamar yadda kika ji, Megan tana faɗa masa ƙiri-ƙiri bai iya ba, shi ma ya san bai iya ba, yana ta ƙoƙarin kare kansa da dogon bayani. Da marubucin ne ya kasa, da ba wanda zai tanka a cikin littafin.

Dabarar tana yin aiki uku. Tana sassauta labarin da ya fara da kisan jariri a hannun uwarsa. Tana ba David muryar da ko an rufe sunansa za ki gane shi. Na ukun ya fi muhimmanci a wurina: tana gaya miki wane irin yaro ne. Maraya ne da ya girma a masana'antar makamai, ya kwashe shekara 10 yana cika littattafan rubutu da bayanan gagararru, wa ke da wace baiwa, me ake zaton lagonsa. Bai yi abokai ba, bai zauna hira ba, bai koyi zance da budurwa ba. Ya san nauyin kowace bindiga, bai san yadda ake sarrafa magana ba. Kamancensa karkatattu ne don rayuwarsa a karkace ta tafi. Wani lokacin ma in kin bi bayanin nasa sai ki tarar da gaskiya a ƙasa. Tubalin kunu abin dariya ne, amma ai mu ma muna da tubalin toka, kuma ma'anar ba ta yi nisa ba: abin da ake gani a jikin bango kamar zai ɗauki nauyi, alhali ciki ba komai. Yaron da kowa ke gani jarumi, shi kuwa ya san bayan ramuwar gayya ba abin da ya tanada wa rayuwarsa, da wuya ya samu kwatancen da ya fi wannan dacewa da shi.

Inda na tsaya tare da ke shi ne yawan abin. Gishiri ne aka zuba da ludayi. Karo na uku kin yi dariya, karo na goma kin yi murmushi, daga nan kin fara hango shi tun daga nesa, har da bayanin da zai biyo baya da tsokanar da za a yi masa. Akwai kuma wuraren da zuciya ke dukan uku-uku, ana tsakiyar haɗari, sai wasan ya faɗo ya huce zafin. Da ni aka ba gyaran littafin, da na zare kashi ɗaya cikin uku, sauran su ƙara armashi. A littattafai biyun da suka biyo baya ma bai rage ba.

Wannan ya kai ni ga aibin da nake ganin ya fi girma, wanda ba ki ambata ba. Ki sake karanta gabatarwar, sannan ki buɗe kowane babi na tsakiya. Kamar mutum biyu ne suka rubuta. Gabatarwar a natse take, ba wasa, idon yaro ne ke kallon mutane suna zama toka da ƙashi, yana kallon mahaifinsa mai taurin imani yana miƙewa. Nan ne rubutu mafi kyau a littafin gaba ɗaya. David na sauran shafukan kuwa saurayi ne mai fara'a da zumuɗi, kamar wanda ya taso gaban iyayensa yana cin tuwon dare a kan lokaci. Ana gaya mana ƙiyayya ta cinye shi, amma ba kasafai muke jin ɗacinta a bakinsa ba. Sauƙin harshen da ya sa labarin gudu shi ne kuma ya hana shi nitso. Marubucin ya zaɓi gudu, kuma don 'yan shekara 13 zuwa 17 yake rubutu, ba zan ce ya yi kuskure ba. Amma abin da kika ji ya ɓace bayan kin ajiye littafin, ina zaton wannan ne.

Mutanen ƙungiyar ma kowanne an rataya masa alama ɗaya kamar ƙararrawar akuya. Cody ɗan jihar Tennessee ne mai da'awar asalin Sikotlan, kullum da sabuwar tatsuniyar ƙarya. Tia tana bincike tana shan lemon kwalba. Abraham ɗan Kanada mai jin Faransanci, mai taushin murya da ƙatuwar bindiga. Prof da baƙar rigar ɗakin gwaji da ɗaure fuska. Da wannan za ki bambance su cikin sauri, amma ba za ki san su ba. Soyayyar kuwa ita ce mafi rauni. An fara nuna mana Megan ta idon saurayin da ya ga kyakkyawa cikin jar riga, kuma an daɗe ba a wuce nan ba. Sai ka ga David ya tsaya yaba ƙirar bindiga sakin layi guda, ya yaba Megan sakin layi guda, da kusan murya ɗaya. Zagin da aka ƙirƙiro wa mutanen garin, irin su sparks da slontze, hanya ce ta kauce wa ashar a littafin yara. Wasu masu karatu yana yi musu daɗi, ni dai har na gama bai zauna mini a kunne ba.

Abin haushin shi ne Megan ce ke riƙe da magana mafi nauyi a littafin. Ita ce ta ce wa David, a Newcago akwai abinci, akwai wuta, akwai 'yan sanda ko da na azzalumi ne. Ita daga Portland ta fito, garin da gagararru suka yi ta faɗa a kansa har ya zama kufai. In kun kashe wannan, wa zai hana goma su taso su yi kokawar kujerarsa a kan gawarwakin talakawa? David ba shi da amsa mai ƙarfi, don shi bai taɓa tunanin washegarin ramuwa ba. Tambaya ce ta manya, duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan faɗuwar wani mai mulkin kama-karya ya san ba ta da sauƙi. Littafin ya ɗaga ta da gaskiya, ya ba ta shafuka kaɗan, sannan ƙarar harbi ta rufe ta. Daga baya da aka gane Steelheart Megan take yi wa aiki a ɓoye, sai mai karatu ya samu hanyar watsar da maganar tata a matsayin ta 'yar leƙen asiri, alhali ko daga bakin wa ta fito tana nan da nauyinta.

Akwai kuma wani zare da nake so ki lura da shi, don shi ne ya ɗaure littattafan uku. Ba wai miyagu ne kaɗai aka ba baiwa ba. Amfani da baiwar ne ke lalata mai ita. Shi ya sa Prof ke raba tasa ga wasu yana gudun taɓa ta, shi ya sa Conflux da kullum ake kwashe tasa ya zauna lafiyayyen mutum, shi ya sa Megan ke yin sanyi da zafi, duk ranar da ta yi aiki da tata a ɓoye sai ta koma mai cizo. Abin da kika ɗauka halin 'yan mata ne na littattafan soyayya, yau fara'a gobe fushi, ashe shi ma alama ce aka binne. A nan na sara wa marubucin, ya ɗauki abin da aka saba gani har an daina tambaya, ya mayar da shi shaida.

Batun ko ya dace da ɗalibanki, ni zan ba 'yan babbar sakandare ba tare da fargaba ba. Babu batsa, abin da ke ciki bai wuce kallo da ɗokin saurayi ba. Kisa kam akwai shi da yawa, gabatarwar tana da tsanani, kuma jaruman labarin mutane ne da ke tsara kisan gilla suna aiwatarwa, ciki har da 'yan sandan garin waɗanda su ma neman abinci ya kai su. Ga 'yan ƙaramar sakandare sai kin san yaron. Akwai kuma batun Megan, wadda ke mutuwa ta dawo, wanda a ajinmu ba zai wuce ba tare da wani ya ɗaga hannu ba, gara ki shirya masa tun kafin ya zo, ki tuna musu almara ce kamar yadda Gizo ke magana a tatsuniya. Ta fuskar koyon Turanci kuwa, wannan rashin adon da ya dame ki shi ne amfaninsa. Yaron da bai taɓa gama littafin Turanci don ransa ba zai iya gama wannan, bai kai shafi 400 ba, kuma ba zai riƙa tsayawa neman ƙamus kowane layi ba. Ɗalibin da ya ara miki shi ya riga ya nuna miki hakan.

A matsayinki na mai rubutu, abin ɗauka a nan shi ne ƙa'idar da Sanderson ya shimfiɗa wa kansa, har ake kiran ta dokarsa ta farko: gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci yadda sihirin labari ke aiki, gwargwadon haka marubuci ke da izinin warware matsala da shi. Wannan ita ce cutar da na fi gani a labaran aljanu da matsafa da matasanmu ke turo mini. An ƙulla rikici mai kyau, an kai jaruma bakin rami, sai wani tsoho mai farin gemu ya ɓullo daga babu ya miƙa mata zobe. Mai karatu ba zai ce komai ba, amma ya ji an cuce shi. In zobe ne zai cece ta a babi na 30, to mu gan shi a babi na 3, mu san abin da yake iyawa, mu san abin da ba ya iyawa, mu san kuma abin da yake ci a jikin mai shi. Kayan aikin ma muna da su a gida, ba sai an aro alkyabba daga Amurka ba: layar zana, baduhu, sagau, kau-da-bara, kowanne da sharaɗinsa da abin da ke karya shi. Wanda ya zauna ya tsara wa waɗannan doka mai tsauri, ya riƙe ta har ƙarshe bai saɓa ba, zai ba yaranmu irin daren da wannan littafin ya ba ki.

Kamancen David kuwa kada ki kwaikwaya kai tsaye, nasa ne, duk wanda ya karanta littafin zai gane daga inda kika ɗebo. Abin da za ki ɗauka shi ne tambayar da ta haife shi: wane lahani ne a bakin jarumina da zai fallasa irin rayuwar da ya yi? Wata yarinyar karin magana take kawowa a inda bai dace ba, don a hannun kaka ta girma ba ta zauna da sa'o'inta ba. Wani yaron ba ya iya cewa "ni", kullum "mu", don a tsangaya ya taso cikin tsara arba'in.

In za ki kai shi aji, ga abin da na ga yana aiki. Ki karanta musu gabatarwar kaɗai da babbar murya, ki rufe littafin, ki ce kowa ya rubuta a takarda abin da yake zaton ya sa jinin ya fito, da hujjarsa daga abin da ya ji. Ki karɓe takardun ki kulle a durowa, kada a buɗe sai wanda ya fi kowa jinkirin karatu ya kai filin Soldier Field.